Yaran ajina ba sa zama, hedimasta ya ce na kasa riƙe aji

Tambaya: Ni malamar aji ɗaya ce a firamare, yara sun haura sittin, ko minti goma ba sa yi a zaune. Na fara sa su suna tsalle suna ƙirga, sai hedimasta ya leƙo ya ce na maida aji filin wasa. Wallahi tsoro nake kar a ce ban iya aiki ba.

Amsa: Malama ki kwantar da hankalinki, kin iya aikinki. Ki ɗauki alli ki zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa, ki rubuta lambobi ko baƙaƙe a ciki, ki kira "bakwai" yaro ya dira a kai. Tunda sun yi yawa, layi-layi za su fito, sauran suna tafi suna amsawa. Minti uku zuwa biyar ya isa, amma tun farko ki koya musu alamar tsayawa, misali tafi uku kowa ya koma benci.

Abin da ke ƙona min rai kullum shi ne wannan tunanin wai ajin da ya yi tsit shi ne ake karatu a ciki. Wa ya ce? Sau nawa na shiga aji na tarar da yara sun harɗe hannu a ƙirji, ido a kan bulala, ka tambaye su me aka faɗa yanzu babu mai amsa. Daga nan ake fara kiran ɗan shekara shida mara ji, a sa shi kamun kunne da tsallen kwaɗo, wani a ce iska ce ta taɓa shi, har akwai iyayen da ke zuwa kemis a haɗo musu maganin mura mai sa barci wai don yaro ya natsu, haba jama'a, yaro lafiyarsa ƙalau a dinga ɗura masa magani ba likita! Ku ji tsoron Allah, amana ce a hannunku. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana. Ku leƙa makarantar allo, almajiri yana rangaji yana karatu kuma yana haddacewa.

In akwai guda ɗaya da ko a gida ko a wasa ba ya iya tsayawa, wannan likitan yara za a kai shi. Hedimasta kuwa, ki rubuta wasan cikin lesin not ɗinki, wato takardar tsarin darasi, ki gayyace shi ya zauna ya gani.