Tambayoyinku: Kwamfutocin ofis da uwar garken da ke riƙe da sunayen ma'aikata

Tambaya: Na sayo wa ofishinmu sabon laftof, na duba ko'ina ban ga wurin haɗa shi da domen ɗinmu ba. (Wani mai karatu daga Kaduna)

Malam, Windows Home aka sayar maka, ita kuwa ba ta shiga domen, wato tsarin da babbar kwamfutar ofis (uwar garke) ke riƙe da asusun kowa. Sai Pro, ko Enterprise, ko Education. Sayi lasisin Pro ka ɗaukaka ta. Gaba in za ka kasuwa, ka karanta abin da ke cikin na'urar kafin kyan murfinta ya ɗauke maka hankali.

Tambaya: Kwamfutoci 14 gare mu, duka da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya muke shiga, don sauƙi. An goge fayil ɗin albashi daga babban kundin da muke tarayya a kai, kowa ya rantse ba shi ba ne. Wace manhaja zan saka in gano mai laifin? (Wani manaja daga Kano)

Ranka ya daɗe, babu ita. Aikin gama ya gama. Kwamfuta ba ta san fuska ba, suna ta sani, kai kuwa suna ɗaya ka raɗa wa mutum goma sha huɗu. Ko da ta rubuta wanda ya goge fayil ɗin, sunan nan guda za ka tarar. Tsarinku kamar gidan haya ne da mukulli ɗaya ke buɗe kowane ɗaki, in an yi sata wa za a kama? Kuma na tabbata kalmar sirrin tana nan a rubuce jikin 'yar takarda an manna ta gefen allo, har mai kawo muku shayi ya haddace ta.

Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai, domin maganinta ya daɗe a duniya. Tun a Windows 2000 Server kamfanin Microsoft ya fito da Active Directory. Uwar garke ɗaya ce ke riƙe da sunayen ma'aikata da kalmominsu na sirri, kowa da nasa asusun, ya zauna a kowace kwamfuta ta ofis ya shiga da shi. Sai ka tara mutane rukuni-rukuni: 'yan lissafi daban, 'yan sito daban. Rukuni za ka ba izinin kundi, kada ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Kundin albashi na 'yan lissafi ne kaɗai, sauran ba su da hurumin buɗe shi, balle gogewa. Sannan ka kunna bibiyar fayiloli ta Group Policy, wato wurin saita ƙa'idojin kwamfutocin domen, ka kuma sa ta a kan kundin kansa, domin Windows ba ta rubuta wanda ya goge abu sai an ce ta yi.

Na san abin da za ka ce, tsada. Gaskiya ne, Windows Server na buƙatar lasisi, ga kuma lasisin da ake saya wa kowane ma'aikaci ko kowace na'ura. Amma tun 2012, da fitowar manhajar Samba 4, ana iya kafa irin wannan tsari a kan Linux kyauta. In kuma kuna biyan Microsoft 365 kuma intanet ɗinku ba ya yawan tsinkewa, Entra ID, wanda aka sani da Azure AD kafin 2023, zai riƙe muku asusun ba tare da kun ajiye wata na'ura a ofis ba. Idan kun zaɓi ajiye uwar garke a ofis, ku haɗa ta da inbata, kuma in da hali ku yi guda biyu, don ranar da ɗaya ta kwanta.

Abin da ya fi damuna ma shi ne admin, wato ikon saka ko canza komai a kwamfuta. Kada ka ba kowa ikon admin, har da kai manaja. Duk manhajar cutarwa da ta shigo ta imel da ikon mai asusun take aiki, in admin ne ta samu yadda take so. Shi kansa yaron da ke kula muku da kwamfutoci ya riƙe asusu biyu, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya na gyara. In ma'aikaci ya bar aiki, a rufe asusunsa ranar da ya tafi, amma kada a yi saurin goge shi. Kowane asusu yana da lambarsa ta ciki, in ka goge ka sake buɗe wani da suna iri ɗaya, ba zai gaji izinin tsohon ba.

Kalmar sirri kuma, ni jimla nake so, kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da ba su da alaƙa da juna. Ka daina tilasta canji duk wata, domin abin da hakan ke haifarwa shi ne Kano1, Kano2, Kano3. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ita ma tun 2017 ta ba da shawarar a bar canjin dole sai in akwai alamar kalmar ta fita. Fayil ɗin albashi kuwa, sai ka nemo shi a kwafin ajiya, in kana da shi.

Tambaya: Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo, kwamfuta ɗaya sai ta ƙi karɓar kalmar sirrina, ta ce lokaci bai dace ba. (Wata malama daga Zariya)

Malama, dubi agogonta. Tsarin Kerberos da ake shiga domen da shi ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da uwar garke. Ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu, CR2032, mai kama da kwabo. Canza shi, ki gyara lokacin a BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta.

Tambaya: Zan tafi aiki Maraɗi da laftof ɗin ofis. Zan iya shiga ba tare da uwar garke ba? (Wani ɗan'uwa daga Yamai)

Za ka iya, muddin ka taɓa shiga da asusunka a kan wannan laftof ɗin yana haɗe da ofis. Windows na ajiye shaidar asusu 10 na ƙarshe da suka shiga. In an canza maka kalmar sirri bayan ka tafi, tsohuwar ce za ta buɗe shi har ka dawo.

Tambaya: Shiga yana ɗaukar mintoci, wani lokaci a ce ba a ga domen ba, alhali intanet na gudu. (Wani mai karatu daga Sakkwato)

Wani gwani a ofishinku ya sa 8.8.8.8, adireshin Google, a gurbin DNS (wurin da kwamfuta ke tambayar adireshin sunaye) don intanet ya ƙara sauri. Google ba ta san uwar garkenku ba. Cire shi, ka sa adireshin uwar garken shi kaɗai, ita kuma ka saita ta ta riƙa miƙa tambayoyin waje ga Google ɗin.