Fatawa: Wane Labari Zan Gaskata Kan Asalin Ranar Godiya ta Amurka?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Amurka da iyalina. Duk Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba akwai hutun ƙasa da suke kira Thanksgiving, wato Ranar Godiya. Yarana sun dawo daga makaranta da labarin cewa asalinta walima ce da Turawan farko suka ci tare da 'yan asalin ƙasar bayan girbi. Sai ga bidiyo a zaurenmu na WhatsApp, mai maganar yana ta rantsuwa cewa murnar kisan mutum 700 ce, kuma duk wanda ya ci abincin ranar yana da hannu a jinin. Abokin aikina kuma ya ce duka biyun tatsuniya ce, shugaba Lincoln ne ya kafa ta. Ga shi maƙwabcina ya gayyace mu cin abinci. Wanne zan gaskata? In tura bidiyon don faɗakarwa? In amsa gayyatar?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ka kyauta da ka riƙe yatsanka kafin ka tura. Allah ya umarce mu a Suratul Hujurat, aya ta 6, da bin diddigin labari don kada mu cutar da wasu bisa jahilci, ya kuma hana mu bin abin da ba mu da ilminsa a Suratul Isra'i, aya ta 36. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Wannan horon ya haɗa da labarin mutanen da ba Musulmi ba, har da wanda ke zargin waɗanda muke ganin azzalumai ne, domin Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Rantsuwar mai bidiyo kuwa ba isnadi ba ce, wato sarƙar masu ruwaya da ke kai labari ga tushensa. Mutum na iya rantsewa da zuciya ɗaya a kan abin da shi ma tsinta ya yi.

Malaman hadisi sun bar mana ma'auni mai aiki a kowane tarihi. Ana tambayar wa ya faɗa, ya halarta ko ji ya yi, shekara nawa ke tsakaninsa da abin da ya faru, kuma me zai ci idan aka gaskata shi. Daga nan a duba maganar kanta, ko ta dace da abin da aka riga aka tabbatar. Idan ruwayoyi suka yi kamar suna karo, ƙa'ida ita ce a fara neman haɗa su, sai ya gagara a rinjayar da ɗaya. Bari mu ɗora labaranka uku a kan wannan sikeli.

Labarin makaranta yana da tushe. Jirgin Mayflower ya kawo mutum 102 daga Ingila a ƙarshen 1620, kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko. Wani daga cikin waɗanda suka tsira, Edward Winslow, ya rubuta wasiƙa a watan Disamba 1621, aka buga ta a Landan a 1622. Ya ce bayan girbi gwamna ya aiki mutum huɗu harbin tsuntsaye, sarkin Wampanoag, 'yan asalin yankin, mai suna Massasoit ya zo da mutum kamar 90, aka kwana uku ana ci ana sha, baƙin suka harbo barewa biyar suka kawo. Wannan shaidar ganau ce, an rubuta ta cikin 'yan watanni. Amma ka lura da iyakarta. Sakin layi ɗaya ne tak, daga ɓangare ɗaya, a cikin rubutun da ake son ya kwaɗaitar da mutanen Ingila su biyo baya. Ba mu da rubutacciyar shaidar Wampanoag ta wannan lokaci. Sannan Winslow bai kira taron ranar godiya ba, bai ce za a riƙa maimaita shi ba. Wanda ya laƙa masa wannan suna wani malamin coci ne, Alexander Young, a ɗan ƙaramin sharhi a ƙasan shafi, a 1841. Shekara 220 ke nan tsakani. A yaren malaman hadisi, asalin labarin ya inganta, laƙabin "Ranar Godiya ta farko" kuwa ƙari ne da na baya ya cusa, irin abin da muke kira mudraj.

Bidiyon ya fi buƙatar natsuwa, domin gaskiya da ƙari sun cakuɗe a cikinsa kamar tsakuwa a shinkafa. Kisan ya faru. A ranar 26 ga Mayu 1637, dakarun Turawan Ingila ƙarƙashin John Mason da John Underhill, tare da wasu ƙabilun da suka mara musu baya, suka kewaye garin Pequot, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, a Mystic, cikin jihar Connecticut ta yau, suka cinna masa wuta. Ɗaruruwa suka mutu, da mata da yara, ƙiyasin ya kama daga 400 zuwa 700. Su Mason da Underhill da kansu suka rubuta abin da suka aikata, shaidar mutum a kan kansa kuwa tana daga cikin mafi ƙarfin hujja. Haka kuma gwamnan Massachusetts, John Winthrop, ya rubuta a kundinsa cewa an yi ranar godiya a coci-coci a watan Yuni na shekarar saboda nasara kan Pequot. Duk wanda ya musa wannan ya musa tabbataccen abu.

Inda igiyar ta tsinke shi ne wajen cewa hutun Nuwamba na yau ya samo asali daga wannan rana. A al'adar Turawan wancan yanki, hukuma kan ayyana ranar godiya duk lokacin da wani abu ya faru, ko saukar ruwa bayan fari, ko isowar jirgi, ko cin yaƙi. A yi ta sau ɗaya a wuce. Ta 1637 ɗaya ce daga cikin irin waɗannan, mummuna kuwa, amma mai cewa ita ce uwar hutun yau sai ya kawo sarƙar da ta haɗa su shekara bayan shekara. Da'awa ce, hujja kuma tana wuyan mai da'awa. Wani salon labarin da ke yawo ma yana cewa an auka wa mutanen suna tsakiyar bikin ɗanyar masara. A watan Mayu masara a wancan yanki shuka take, ba ta isa ci ba.

Wannan ya tuna mini da malamin hadisi da tarihi, Al-Khaɗib Al-Bagdadi. An kawo wa wazirin Bagadaza wata takarda da aka ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta yana yafe wa mutanen Khaibara jiziya, ga sunayen sahabbai a matsayin shaidu. Khaɗib ya duba ya ce ta jabu ce. A cikin shaidun akwai Mu'awiya, wanda Musuluncinsa a shekarar buɗe Makka ne, bayan Khaibara, akwai kuma Sa'ad ɗan Mu'azu, wanda ya rasu tun bayan yaƙin Khandaƙ, kafin Khaibara. Bai tsaya tambayar wa takardar za ta amfana ko ta cutar ba, kwanan wata kawai ya auna. Ibn Khaldun ma ya lissafa son ra'ayi a sahun farko na abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin tarihi, domin idan labari ya dace da abin da zuciya ke so, sai ta karɓe shi babu bincike. Mu da muke jin zafin abin da mulkin mallaka ya yi wa al'ummai, nan ne ƙafarmu ta fi saurin zamewa.

Abokin aikinka ya fi kowa kusa da daidai idan ana maganar hutun ƙasa na shekara-shekara, sai dai ya wuce gona da iri da ya kira sauran tatsuniya. George Washington ya ayyana ranar godiya ta ƙasa a 1789, amma ba ta zama ta kowace shekara ba. Wata editar mujalla, Sarah Josepha Hale, ta shafe shekaru tana rubuta wa gwamnoni da shugabanni, har Abraham Lincoln ya fitar da sanarwa a ranar 3 ga Oktoba 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya sa Alhamis ta ƙarshe a Nuwamba. A 1941 majalisa ta tsayar da Alhamis ta huɗu a doka. Sanarwar Lincoln tana nan, kowa na iya karantawa, kuma babu ambaton walimar 1621 ko yaƙin Pequot a cikinta.

Ka ga ashe kowa da abin da yake kira asali. Makaranta tana nufin labarin da aka jingina wa ranar daga baya, mai bidiyo yana nufin wani abu mai suna iri ɗaya, abokinka yana nufin doka.

Hukuncin tura bidiyon a yadda yake shi ne bai halatta ba, tunda ka san yanzu akwai abin da bai tabbata ba a ciki, kuma ya ɗora wa mutane laifin jini ba da hujja ba. Suratul An'am, aya ta 164, ta ce babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. Idan za ka iya, ka yi gyara a zauren cikin ladabi, ka tabbatar da kisan, ka bayyana inda aka yi ƙari. Yaranka kuma kada ka bar su da rabin labari. Ka gaya musu cewa garin Plymouth, inda mutanen Mayflower suka zauna, an gina shi a kufan ƙauyen da annoba ta share 'yan shekaru kafin zuwan jirgin, cewa ɗan Massasoit, Metacom, an kashe shi a yaƙi da Turawan a 1676, kuma tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan rana suna kiranta ranar makoki.

Game da gayyatar, malamai na wannan zamani sun saɓa. Wasu sun hana, suna kafa hujja da hadisin Anas da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, cewa Annabi ya tarar da mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, ya ce Allah ya musanya musu da mafi alheri, Idin Layya da Idin Azumi, da kuma hanin kamanceceniya da wasu a abin da ya keɓanci addininsu. Wasu suna ganin ranar a yau hutun gwamnati ce da taron dangi, ba ibadar wani addini ba, don haka tana ƙarƙashin al'ada. Abin da na fi natsuwa da shi: kada ka mayar da ita idi a gidanka, kada ka ƙudurce tana da wata falala. Amsa gayyatar maƙwabci kuwa don kyautata maƙwabtaka babu laifi, bisa aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, muddin abincin halal ne, ba a zagaya da giya a teburin da kake zaune, kuma ba ka shiga addu'ar da ta saɓa wa tauhidi ba. Ka sanar da shi waɗannan tun kafin ranar, don kada a ji kunya a gaban baƙi. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka ba shi uzuri mai daɗi, ka gayyace shi naka gidan ranar Sallah.

Wallahu a'alam.