Cibiyar jinyar masu shaye-shaye ta shiga tsarin VA, in kai ƙanena kai tsaye?

Malama, kin tambaya ko za ki iya kai ƙanenki, tsohon sojan Amurka da shaye-shaye ya kama, cibiyar kwantar da masu fama da ƙwaya da ta shiga jerin asibitocin da hukumar tsofaffin sojoji ta VA ke biya. Kada ki kai shi tukuna. Shigar cibiyar jerin bai wadatar ba, sai likitansa na VA ya tura shi, an ba da takardar izini, sannan Optum ko TriWest, kamfanonin da ke biya a madadin VA, gwargwadon jiharku, su biya. In kuka kwantar da shi babu izini, kuɗin na iya dawowa kanku.

Lokacin da muka kai mijin yayata, mun kira cibiyar da kanmu muka tabbatar lambar izinin ta iso kafin mu ɗauki jaka. Amma in har ya fara maganar kashe kansa, don Allah kada ki jira takarda. Ki kira 988, layin agajin masu tunanin kashe kai, ki danna 1 don sashen tsofaffin sojoji, ko ki garzaya da shi sashen gaggawa mafi kusa. Tun Janairun 2023 VA ke ɗaukar nauyin irin wannan jinya, har kwanciyar kwana 30.