Bargon zafin shekara, a ma'aunin Sakkwato

Ɗiyata, kin ce kin ga matan Amurka da Turai suna saƙa bargo da kwarashi, layi ɗaya kowace rana, launin zaren yana bin zafin ranar har shekara ta zagayo. Kin kwafo jadawalin launukansu, kin yi mako uku kina saƙa, kuma tun layin farko har yau jan zare kaɗai ke hannunki. Kina so ki san ko ke kika kuskure, ko aikin ne bai karɓi garinmu ba. Hannunki lafiya lau yake. Na duba saƙar, gefenta a miƙe, idanunta daidai wa daida. Jadawalin ne ba namu ba, kuma sai mun gyara shi kafin ki ƙara ko layi guda.

Wadda ta rubuta shi tana zaune inda ruwa ke daskarewa a waje. Ta raba launukanta tun daga ƙanƙara har zuwa abin da ita ke kira tsananin zafi, ta ajiye ja a kan 90. Wannan 90 ɗin ma'aunin Farenhait ne da Amurkawa ke amfani da shi, mu kuwa Selsiyos muke bi. In kina so ki juya shi, ki cire 32, ki ninka da 5, ki raba da 9. Sai ki ga 90 ɗinta digiri 32 ne a wurinmu. To, a Sakkwato kwana nawa ne a shekara rana ba ta kai 32 ba? 'Yan kaɗan ne, yawancinsu a tsakiyar damina da cikin hunturu. Da kin ci gaba, launuka shida ko bakwai da kika saya ba za su taɓa fita daga leda ba, ki ƙare da jan bargo wanda ba ya gaya wa kowa komai.

Ki riƙe shekarar garinmu a kanki tukuna. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, Afrilu ne kan gaba, rana takan kai 40 ta wuce, wasu ranakun har 43 ko 44, dare ma ba ya sauka sosai, yana nan wajen 26 zuwa 28. Ruwa yakan fara a Mayu ko Yuni, ya kankama a Yuli da Agusta, inda zafin rana ke saukowa wajen 30 zuwa 32. Oktoba zafi ya sake tasowa, wanda muke ciki yanzu, bayan ɗaukewar ruwa. Sannan hunturu daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu.

Abin da na fi so ki gane daga nan yake farawa, don shi ne ke raba mai kwaikwayo da mai sanin aikinta. In zafin tsakar rana kaɗai kika bi, hunturu ba zai fito a bargonki ba. A Janairu, da azahar, ma'auni yakan nuna wajen 32 ko 33. A Agusta ma kusan haka. Wata biyu da ko yaro ya san ba su yi kama ba, ɗaya na ƙura da tsagewar leɓe, ɗaya na laka da sauro, za su zo miki da launi ɗaya. Bambancinsu yana wurin asuba. Iskar hunturu busasshiya ce, daga hamada take zuwa, babu laima babu gajimare, saboda haka zafin da ƙasa ta sha da rana duk sai ya fice cikin dare, da asuba ki tarar da 15 ko 16, wani lokacin ƙasa da haka. A damina kuwa gajimare yana tare rana, laima tana riƙe ɗumi da dare, asuba ba ta cika sauka ƙasa da 22 ba. Tsakanin asuba da azahar a Janairu akwai tazarar digiri 16 ko fiye, a Agusta kuwa kusan rabin haka. Sanyin Sakkwato na asuba ne, zafinta na azahar, kuma bargon da zai faɗi gaskiyar garin nan dole ya ɗauki lamba biyu a kowace rana: mafi ƙanƙanta da mafi girma.

Jadawali ɗaya zai ishi lambobin biyu, in kin ba kowane launi digiri uku. Daga 14 zuwa ƙasa, shuɗi mai duhu irin na baba. 15 zuwa 17 shuɗi sosai, 18 zuwa 20 ruwan sararin sama, 21 zuwa 23 kore mai duhu, 24 zuwa 26 tsanwa. Daga nan 27 zuwa 29 ruwan ɗorawa mai haske, 30 zuwa 32 ɗorawa cikakkiya, 33 zuwa 35 ruwan lemo, 36 zuwa 38 ruwan goro, 39 zuwa 41 ja, sai 42 zuwa sama ruwan hanta. Launi goma sha ɗaya ke nan. Ba dole ba ne ki bi nawa launukan, wata takan fi son ruwan ƙasa da ruwan toka don su shiga da kayan ɗakinta, kuma na ga wanda aka yi haka ya yi kyau ƙwarai. Sharaɗina ɗaya: maƙwabta biyu kada su yi kama har ki kasa bambanta su da hasken fitila, don yawancin saƙarki da dare za ki yi ta. Ki yanki kwali, ki huda shi gida goma sha ɗaya, ki ɗaura guntun kowane zare, ki rubuta lambobinsa a gefe. Ranar da aka fara, jadawali ya rufe. In kika canza shi a watan biyar don kin gaji da ja, watannin baya da na gaba sun daina magana da harshe ɗaya.

Lambar kuma daga wuri ɗaya za ki riƙa ɗaukarta. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana da tashar awon yanayi a filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, amma abin da waya ke nuna miki da safe a matsayin zafin yau hasashe ne, ba awo ba. In da waya za ki yi aiki, ki duba da dare bayan ranar ta wuce, manhaja ɗaya tak, kuma ki bar lambar nan da suke cewa yadda jiki ke jin zafin, ki ɗauki ta ainihi. Ni na fi son ki sayi ɗan ma'auni na batir mai riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma da kansa. Ki rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, daidai tsayin ƙirjinki, nesa da madafa, nesa da bangon da rana ke duka, kuma ba ƙarƙashin kwano kai tsaye ba, don kwanon rufi yakan ƙara masa zafin da ba na iska ba. Mafi sanyi yakan zo gab da fitowar rana, mafi zafi tsakanin azahar da la'asar. Bayan isha'i ki rubuta lambobin biyu a littafi, ki goge ma'aunin don gobe. Rubutun ne na kullum. Saƙar kina iya tara ta ki yi ranar da kika samu sarari, kuma in kin yi tafiya sai ki bar wa ƙanwarki littafin.

Akwai matsala ta biyu a abin da kika fara, wadda ba ki lura da ita ba tukuna. Da dobul kike saƙa, wato dogon ido. Na auna layukanki, kowanne ya kai santimita 1.3. Ki ninka da 365, ki ga abin da zai fito: mita huɗu da santimita 74 da ɗoriya. Babu gadon da zai ɗauke shi. Da singil ne, wato gajeren ido, layin zai tsaya wajen santimita 0.6, bargon ya ƙare a mita biyu da santimita 19, wanda ya yi daidai. Kowane aiki mai adadin layi ƙayyadadde, daga ƙarshe ake fara lissafinsa: ki saƙa layi goma na gwaji, ki auna, ki raba, ki ninka, kafin ki sarƙa doguwar sarƙar farko. Hannun kowa da nasa tsauri, don haka awona ba zai tsaya a madadin naki ba.

In layi-layi kika zaɓa, kada ki ba kowace rana layi biyu, 730 sun yi yawa. Ki raba layin: kashi ɗaya cikin uku launin asuba, sauran launin azahar. Idan kin juya aikin za ki dawo, ki fara da na azahar, don kowanne ya zauna a gefensa. Zai fito da ratsi-ratsi kamar luru na masaƙanmu, gefe ɗaya yana ba da labarin dare, ɗayan na rana. Jelolin zaren da ke bakin layi ki bar su da tsayi, a ƙarshe a ɗaure su su zama geza.

Amma ni, in shawarata za ki bi, gida-gida za ki yi, wato ɗan ƙaramin falle mai kusurwa huɗu ga kowace rana. Zagayen tsakiya launin asuba, zagaye na biyu launin azahar, na uku ruwan madara ga kowa da kowa, da shi za ki riƙa haɗa su. Dalilina bazara ce. Bargon layi-layi yana ƙara nauyi a cinyarki kullum, kuma kin san yadda Afrilu yake idan wuta ta ɗauke, ga ulu a jiki, ga zufa tana shiga zare tana sa shi dauɗa. A nan ne mata da yawa ke ajiye aikin, ba su sake komawa ba. Ɗan gida kuwa bai fi tafin hannu ba, kina sa shi a jaka ki tafi da shi gidan suna. Kuma a ido ya fi faɗin gaskiya: ranar hunturu za ta fito da shuɗin ciki da ruwan lemo a waje, ranar Agusta kore da ɗorawa kusa da juna, ranar Afrilu kuwa ko cikinta ba sanyi.

Lissafinsa ya zauna daram. Jeri 20, kowane jeri gida 19, ya ba da 380. Kwana 365, ki ƙara gida 12 farare da za su nuna shigowar kowane wata, ya zama 377. Ukun da suka rage ki sa shekara ko harafin sunan mai bargon. A shekara mai kwana 366, kamar 2028, ɗaya daga cikinsu ya tafi. In kowane gida santimita 8 ne, za ki samu 152 a faɗi da 160 a tsayi kafin baki. In babban gado ake nufi, ki kai shi 10. Wahalarsa jeloli ne, aƙalla huɗu a kowane gida, 1,460 a shekara ba tare da na haɗi ba. Kada ki tara su. Ki riƙa saƙa a kansu kina tafiya, saura ki soke da allura kafin ki ajiye gidan, kuma kowane jeri ya cika ki haɗa shi nan take, kullum daga gefe ɗaya kike farawa, don kwanakin kada su rikice.

Game da sayen zare, launukan ba daidai za su ci ba. Kore, tsanwa, ruwan lemo da ruwan goro su ne za su ƙare da wuri, shuɗin baba kuwa ƙila dunƙule ɗaya ya ishe ki shekarar. Ruwan madara ya fi kowa ci tunda kowane gida yana da shi. Ki saƙa gida ɗaya, ki warware, ki auna zaren kowane zagaye da tef, daga nan za ki ƙiyasta. Abin da ya fi ci ki saye shi gaba ɗaya in da hali, don launin da kika gani a kasuwa yau, bayan wata huɗu ko ya ɓace ko ya dawo da ɗan bambancin rini. Ki duba lambar rinin a takardar da ke jikin dunƙulen. Kauri kuma ya zama ɗaya a duk launukan, in ba haka ba gidajen ba za su haɗu baki da baki ba. Zaren auduga ya fi daɗin riƙo a zafi, amma yana da nauyi, yana jinkirin bushewa, kuma jansa kan zuba, sai kin jiƙa guntu da farin ƙyalle kin gani. Ulun roba ya fi araha da sauƙin wanki, sai dai wuta ce abokiyar gabarsa. Ba a goge shi da dutsen guga, kuma duk wadda za ki ba ko ki sayar wa, ki gaya mata da bakinki kada a kusantar da shi kaskon garwashi a hunturu, narkewa yake yi ya manne a fata, balle in yaro ne a ciki.

Ranaku na musamman kina iya yi musu alama da siririn zare mai ƙyalli a zagaye na biyu: ruwan farko, Sallah ƙarama da babba. Kada su wuce haka, in sun yi yawa sai su danne labarin zafin.

Sai ranar farawa. Ba dole sai 1 ga Janairu ba. Wasu kan fara da ranar haihuwar jariri ko ranar ɗaurin aure, kuma irin wannan ne masu saye suka fi so. In da 1 ga Muharram kika fara, ki tuna shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, lissafin gidajen zai canza, kuma yanayin ba zai gama zagayowa ba da kusan kwana 11. Ke dai ki fara 1 ga Nuwamba. Za ki buɗe da shigowar sanyi lokacin da saƙa ke da daɗi, hannunki ya saba kafin bazara, ki rufe a ƙarshen Oktoba mai zuwa, bargon ya shiga aiki a hunturun da ke biye, in Allah ya kai mu.

Wannan jan da kika saƙa ki warware shi a hankali, ki naɗe shi sako-sako ki sa a leda saboda ƙura, Maris zai neme shi. Kwanakin da suka rage kafin Nuwamba ki fara rubuta lambobi don ki gwada inda kika rataye ma'aunin. Ranar Alhamis ki zo mini da kwalin launukan, da gida uku na gwaji, mu auna su tare mu ga ko kwarashi mai lamba 4 zai yi ko sai mun sauka zuwa 3.5.