Ruwan injin wankin fim ɗina yana yin kore, me zan zuba masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim, ina wanke fim mai kala a gida da tsohon injin Jobo da na gada wurin kawuna. Ruwa saye muke yi wurin 'yan garuwa, shi ya sa nake barinsa a cikin bahon injin. Yanzu ya fara kore da yauƙi, hitar kuma ta yi farin ɓawo. In zuba Hypo, bilicin wankin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka zuba. Bari ma in fara warware wani ruɗani: tsofaffin masu hoto suna kiran sinadarin fiksa, wato wanda ke tabbatar da hoto a jikin fim, da suna "haifo", idan ka taɓa jin kawunka ya faɗa, ba bilicin wanki yake nufi ba. Shi bilicin yana cin robar da ke toshe mahaɗar famfo, yana kuma taɓa ƙarfen hita. Abin da ya fi wannan haɗari, in ya gamu da fiksa ko kuma wani abu mai tsami, iska mai guba yake fitarwa, ga ɗakin wankin hoto kullum a rufe ruf.

Koren nan gansakuka ce. Fim mai kala na tsarin C-41 ana wanke shi a zafin digiri 38, tsawon minti 3 da daƙiƙa 15 a sinadarin farko. Ruwa mai ɗumi irin wannan, ya kwana biyu a tsaye, haske na shiga ta taga, ga ƙurar hunturu na sauka a kai, ai ka yi mata shimfiɗa. Gaskiya ne ruwan bahon ba ya taɓa fim ɗin, kwalaben sinadari da gangar da fim ke ciki kawai yake ɗumamawa. Amma hannunka yana shiga ciki, kwalba tana fitowa tana ɗiga, ɗigo guda ya faɗa bakin ganga sai ka ga tabo a dodon hoto. Yauƙin kuma yana toshe famfo, ruwa ya daina zagayawa, gefe guda ya fi wani zafi, kalar hotuna ta karkace kana ta zargin sinadari.

Maganinta ba a kanti yake ba. Da ka gama aiki, kashe injin, zare wuta, ka juye ruwan. Na san kuɗi ka sa, don haka ba zubarwa za ka yi ba: tace shi da farin ƙyalle cikin baƙar jarka mai murfi, ka ajiye a lungu mai duhu. Goge bahon ya bushe ƙarau, ka lulluɓe shi da tsohon zani. Ruwan jarkar zai yi maka zagaye da yawa, sai dai ranar da sinadari ya zube a ciki, wannan kam ya tashi aiki. Kada a kai shi kusa da rijiya ko kwatarniyar shan awaki, domin fiksar da aka yi aiki da ita tana ɗauke da azurfa.

Farin ɓawon hita kuwa daga ruwan burtsatse ne, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Zuba ruwan khal kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, ko garin sitirik asid cokali ɗaya a kowace lita, ka bar famfon ya juya shi da ɗan ɗumi kamar rabin awa, ka ɗauraye sau biyu. Lunguna tsohon buroshin haƙori ya isa, ban da soson ƙarfe. Ka tabbata ruwa ya rufe hitar kafin ka kunna, in ta yi zafi a bushe ƙonewa take yi, samun wata kuma sai ka sha yawo a Kano, da ƙyar ma in za a dace.

Da damina ka tari ruwan sama, ba ya yin ɓawo. Bari na farko ya wanke kwanon rufi tukuna, sannan ka kafa bokiti a indararo.