Na haddace darasi kaf, amma 7 bisa 20 na samu

Tambaya: Malam, ina shekarar farko a sashen ilimin zamantakewa. Na haddace darasin Durkheim kaf, amma 7 bisa 20 na samu a jarrabawa. Ga shi kuma an ba mu aikin bincike. Ina zan sa kaina?
Wata ɗaliba, unguwar Birni, Damagaram

Amsa: 'Yata, kada ki karaya. Malaminki so yake ya ga kin ɗora abin da kika karanta a kan rayuwar mutane, hadda kaɗai ba ta isa. Durkheim, masanin ilimin zamantakewa ɗan Faransa, a bincikensa na 1897 kan masu kashe kansu, ya nuna abin ya fi yawa inda zumunci ya yi rauni, gwauraye sun fi magidanta faɗawa ciki. Wato har abin da ake ɗauka na mutum ɗaya ne, al'umma tana da hannu a cikinsa.

To, da wannan idon za ki yi aikinki. Ki je Kasuwar Dole da littafin rubutu, ki zauna da mata masu adashe. Yaya aka zaɓi uwar adashe? Me ke hana wadda ta kwasa daina zubi, alhali babu takarda? Ki nemi izininsu tukuna, ki sakaya sunayensu. Abin da kika gani ki rubuta shi daban, fassararki daban, don a nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki.