A nemi makaranta tukuna, gida ya biyo baya

Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na saurari muryarki. In na fahimce ki daidai, an yi wa maigidan canjin wurin aiki zuwa birni, saura wata biyu ku tashi, babbar 'yarki za ta shiga sakandare, na tsakiya yana aji uku na firamare, autan kuma bai fara ba. Dillali ya turo hotunan gida uku, kin rasa wanda za ki ɗauka. To gyara zama, muryar nan za ta ɗan yi tsawo.

Ki fara ajiye hotunan nan gefe, don ta ƙarshe kika faro. Makaranta ake nema tukuna, sannan a nemi gida a kewayenta. Gidan haya in bai yi muku ba, shekara na zagayowa sai ku tattara ku bar shi. Amma yaron da ake cirewa daga wannan makaranta a kai waccan, duk canji sai ya yi asarar wani abu, ko ya tarar an wuce shi a lissafi, ko littattafan ba iri ɗaya ba, ga sabon yunifom, ga sabon kuɗin rajista. Kuma a kowane birni gidan da za a iya zama a ciki ya fi makaranta mai kyau yawa, nesa ba kusa ba. Wani abin kuma, akwai biranen da adireshinki ne ke yanke makarantar gwamnatin da za a ba ɗanki. Titi ɗaya sai ya raba, na wannan hannun su shiga makarantar da kowa ke rububi, na wancan hannun a tura su wata. In birnin da za ku haka tsarinsa yake, ofishin ilimi za ki tambaya iyakar, ba dillali ba. Shi dillali kowane gida a wurinsa "ga makaranta nan kusa".

To yaya ake gane makaranta? Ba da fenti ba, ba da allon da aka kafa a bakin ƙofa ba. Ki ware uku ko huɗu, ki je da ƙafarki, ko maigidan ya je tunda shi zai riga ku isa. A je ranar karatu, wajen ƙarfe 10 zuwa 11 na safe, ba tare da an sanar da su ba. Ranar bikin raba kyaututtuka kowace makaranta kyakkyawa ce.

In kin shiga, ki roƙa a bar ki ki leƙa ajin da ɗanki zai zauna, aji ukun nan. Ki ƙirga kawuna, ki ƙirga kujeru. Ma'aunin da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta daɗe tana amfani da shi a firamare shi ne kada yara su wuce 40 ga malami ɗaya. In kin tarar da 60 ko 70, to komai ƙwazon malamar, yaron da ke baya sunansa kawai ta sani, in ma ta sani. Sannan ki ce a ba ki littafin rubutu na yara uku, ke za ki nuna da hannunki, daga layin tsakiya da na baya, kada ki yarda a zaɓo miki. Ki buɗe ki dubi kwanan wata. Ana rubutu kullum ko akwai sati guda da ba komai? Akwai jan biro? In akwai, alamar daidai kawai aka ja, ko an sa yaro ya sake yin inda ya kuskure? Littafin da aka cika shi da kwafe daga allo, shafi bayan shafi, babu gyara ko ɗaya, ya gaya miki komai.

Sai karatu. Bankin Duniya da UNESCO sun fito da wani ma'auni a 2019, cewa yaro ɗan shekara 10 ya kamata ya iya karanta gajeren labari ya fahimce shi. Ke ma kina iya gwadawa. Ki tafi da ɗan littafin labari daga gida, wanda ba nasu ba, ki nemi izinin malama, ki ba yaro ɗan aji huɗu ko biyar ya karanta layi biyar, ki tambaye shi me ya faru a ciki. Wani zai zubo miki shafi guda na littafinsu da ka, amma ki ba shi sabon rubutu sai ya tsaya cak. Hadda ce, ba karatu ba. Makarantar da ta san abin da take yi ba ta jin haushin irin wannan gwaji. Wadda aka fara yi miki kwana-kwana, "ai sai shugaba ya dawo", kin samu amsarki.

Ki tambayi malamai nawa ne suka haura shekara uku a wurin. Wannan tambayar ta fi ta takardun shaida amfani. Inda ake sauya malamin lissafi sau biyu ko uku a shekara, yawanci albashi ne ba a biya a kan lokaci, kuma yara ne ke kwana a ciki. In ofis ba su faɗa miki gaskiya ba, mai gadi zai faɗa.

Banɗaki kuma, kada ki ji kunya, ki ce a nuna miki na ɗalibai, ba na malamai ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta ce banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50. Ki ga akwai ruwa, akwai ƙofa mai sakata, an raba na mata da na maza. Saboda babbar nake jaddada wannan. Yarinyar da ta fara girma, in banɗakin makaranta ba ya shiguwa, za ki ga duk wata tana ƙirƙiro ciwon kai ta zauna a gida, ke ba ki san dalili ba.

Ta fannin sakandare, kowa zai nuna miki sakamakon jarrabawa a jikin bango. Ki tambaya, yara nawa ne a ajin ƙarshe, nawa aka yi wa rajistar jarrabawar? Akwai masu sallamar raunanan ɗalibai kafin ajin ƙarshe don sakamako ya fito fes. Akwai kuma inda kowa ke cin komai, amma ki ba ɗalibin takarda ya rubuta wasiƙa ya kasa. Ki nemi ganin takardar amincewar hukuma, ki tabbatar makarantar na da izinin gudanar da jarrabawar ƙarshe a harabarta, ba kwasar yara take yi zuwa wani wuri ba. Kuɗi kuma a rubuta miki na shekara gaba ɗaya a takarda: na zango, na littattafai, yunifom, mota, lesin, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Ki tambayi sau nawa aka yi ƙari a shekara uku da suka wuce.

Kafin ki bar wurin, ki dawo lokacin tashi ki tsaya daga nesa. Ki ga yadda ake sakin yara. Ana duba wanda ya zo ɗauka, ko ƙofa ake wangalewa kowa ya kama gabansa? A nan ne kuma za ki samu iyaye. Kada ki ce "makarantar na da kyau?", kowa zai ce miki alhamdulillahi. Ki ce "in da za ki canza abu ɗaya a nan, me za ki canza?" Sai ki ji baki ya buɗe.

Yauwa. In kin tsayar da makaranta, sai a zo kan nisa. Nisa a birni da minti ake auna shi, ba da kilomita ba. Hanyar da dillali ya bi da ke ranar hutu cikin minti 10, ranar Litinin ƙarfe 7 na safe sai ta ci 45. A bi ta a daidai lokacin da yara za su riƙa bi, zuwa da dawowa. In ba ku isa garin ba tukuna, Google Maps, taswirar nan ta waya, a yawancin birane yana barin ki sa rana da lokacin da za a fita ya ƙiyasta miki, amma duk da haka gani ya kori ji. Ki yi lissafi: ƙarin minti 30 zuwa, 30 dawowa, awa ɗaya ke nan kullum, a shekarar karatu mai kwana 180 zuwa 200 kin ga yaro ya kwashe kusan awa 200 a zaune cikin cunkoso. Kuma daga barcinsa ake yankowa. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, matashi 8 zuwa 10. Yaron da ake tasa ƙarfe 5 don ya tari motar makaranta, darasin farko gyangyaɗi yake yi. A ganina, ɗan firamare kada tafiyarsa ta wuce minti 20, 'yar sakandare 30 zuwa 40. Makaranta mai dama-dama a kusa ta fi shahararriya a ɗaya ƙarshen gari.

In da ƙafa za su riƙa tafiya, kilomita ɗaya yana cin ƙaramin yaro minti 15 zuwa 20. Amma ba tsawon ne abin dubawa ba, abin da ke tsakani ne. Akwai babban titin da za su tsallaka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mai tafiya a ƙasa in mota ta buge shi tana gudun kilomita 30 a awa, galibi yana rayuwa, amma daga 50 zuwa sama labari ya canza. Don haka gida mai nisan mita 800 a hannu ɗaya da makaranta ya fi mai nisan mita 300 da babban titi a tsakani.

Ita kanta unguwar, zuwa ɗaya bai isa ba. A je da safe ranar aiki, a je da la'asar, a je wajen ƙarfe 9 zuwa 10 na dare, in da hali kuma a je bayan an yi ruwan sama. Da la'asar ki duba ko yara na wasa a waje, mata na wucewa hankali kwance. Layin da ya yi tsit tun rana ba ta faɗi ba, kowa ya garƙame ƙofa, ba kullum ne alamar natsuwa ba, wani lokaci tsoro ne. Da dare za a ga ko akwai haske a layin, su wa ke zama a kwana, ko akwai kango da ya zama matattara, ko akwai wurin biki a bayan katanga da zai hana ku barci duk ƙarshen mako.

In ba lokacin damina ba ne, bango zai ba ki labari. Ki dubi gindin katanga ta waje da ta maƙwabta. Layi mai duhu a miƙe, fenti ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ko sabon fenti a rabin bango na ƙasa kaɗai, duk ruwa ne ke shiga. Ki leƙa kwata, tana tafiya ko ta tsaya? Ruwan da ya kwanta, cikin kwana 7 zuwa 10 ya ƙyanƙyashe sauro. Ki buɗe famfo da kanki, na sama da na ƙasa. In rijiya ce, ki auna tsakaninta da ramin masai, naku da na maƙwabta, ana son aƙalla mita 30. In gidan haɗaka ne ki tambayi inda ake ajiye janareta. Bai kamata ya yi kusa da taga ko ƙofa ƙasa da mita 6 ba, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, mutane na barci take ɗauke su. Ki kunna wayarki a cikin ɗakuna ki ga sabis. Sannan ki gano asibitin da ke buɗe dare da rana mafi kusa, ki san minti nawa ne, tunda zazzaɓin yara bai san agogo ba.

Tambayar mutane ma akwai yadda ake yi. Mai gida da dillali kuɗi suke jira, ki bar su. Ki nemi matan layin, mai kanti, mai kemis, in an dace har wanda ya tashi daga gidan. Ki yi tambaya mai kwanan wata: yaushe rabon da a haura wa wani a layin nan? Bara ruwa ya kai ina? Kwana nawa rabonku da wuta? Wanda ya tashi, shekara nawa ya yi, me ya tashe shi? Gidan da kowane ɗan haya shekara ɗaya yake yi ya gudu, akwai dalili.

Kuɗi, a taƙaice. Abin da aka saba faɗa shi ne haya kada ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da ke shigowa, amma kada ki tsaya a nan. Kowane gida cikin ukun ki rubuta masa haya, kuɗin motar yara, na zuwa aikin maigidan, na ruwa in saye ake yi, na wuta, na gadi, duk na shekara. Sau da yawa gidan bayan gari mai araha shi ke fitowa mafi tsada.

Sai tsarin biya, don nan ake yawan tafka kuskure. Kada ku biya haya sai kun riƙe takardar ɗaukar yaran a hannu, mai sunan kowa da ajinsa. "Ku zo kawai akwai wuri" a waya ba takarda ba ce. Hayar ma shekara ɗaya za ku biya ko da an yi muku rangwame a kan biyu, a rubuta yarjejeniya, a ga mai gidan ko wakilinsa da shaida, a ɗauki hoton mitar wuta da duk wata ɓarna kafin a shigar da kaya. Tun wannan satin kuma ki je tsohuwar makarantarsu ki karɓi takardar canji da sakamakon zango uku na ƙarshe, ki haɗa da takardar haihuwa da katin rigakafi, don in aka yi hutu samun mai sa hannu wahala ne.

Ki ce wa maigidan ya turo sunayen makarantun da ke kusa da gidajen nan uku, da mintin da ya ɗauka zuwa kowacce ranar Litinin da safe. In ya turo ki sako mana nan mu duba tare. Sai na ji ki.